Ba Duk Abin da Teku Ta Haifa Ne Guba Ba: Cimar Zanzibar

Tun watan Maris na 2024, da aka ji labarin yara takwas da wata mata sun rasu a tsibirin Pemba bayan sun ci naman kunkurun teku, masu son zuwa Zanzibar daga wajenmu suka samu sabon abin tsoro. Na ji wani yana gargaɗin ɗan'uwansa kada ya kuskura ya taɓa komai sai shinkafa da kaza, wai abincinsu ƙwari ne, kuma haramun ne. Wannan maganar ce ta dame ni, domin ƙyama ce kawai aka yafa mata rigar addini.

Mutanen Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar, kusan dukkansu Musulmi ne, akasarinsu mabiya mazhabar Shafi'iyya, tare da tsirarun Ibadiyya da suka samo asali daga Oman. A mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, dabbar teku halal ce, ko kaguwa ce ko jatan lande. Hanafiyya ce ta taƙaita ga kifi. Wanda ke cin fara da yaji a bakin titin Maiduguri ba shi da bakin kiran jatan lande ƙwaro. Idan ranka bai so ba, ka ce bai so ba, kada ka haramta wa mutane abin da suka gada kaka da kakanni.

Sha'anin kunkurun daban ne. Masana na danganta gubar da wata irin gansakuka da dabbar ke kiwo a ƙarƙashin ruwa, sai dafin ya taru a jikinta ba tare da ya cutar da ita ba. Kamar nonon saniya ne da ke ɗaukar warin ciyawar da ta ci, ko zumar da ɗanɗanonta ke bin furen da ƙudan ya tsotsa. Rogo mai ɗaci ana jiƙa shi kwana uku dafinsa ya fita, amma dafin kunkuru ko an kwana ana tafasa naman yana nan daram, ba ya wari, ba ya canza launi. Mutum zai ci kunkuru goma lafiya lau, na sha ɗaya ya kwantar da gida guda. Yara ya fi kamawa, har ta nonon uwa yana bi. Doka ta hana kama kunkurun, kuma a Nuwamban 2021 an yi irin wannan rashi na mutum bakwai a Pemba ɗin. Abin takaici, gargaɗin hukuma ya fi ƙarfi bayan an dawo daga maƙabarta.

Baƙo ba zai ga wannan nama a kasuwar dare ta Forodhani ba, wadda ke ci a bakin ruwa a tsohon garin Stone Town, garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Abin da zai gani shi ne urojo: romo mai tsami da kurkum, ana zuba masa dankalin Turawa, da bajiya mai kama da ƙosanmu, da soyayyen rogo, da yaji. Akwai pweza, dabbar nan mai hannuwa takwas, da ake bugawa har ta yi laushi sannan a dafa ta da madarar kwakwa. Akwai pilau, shinkafar biki, wadda kirfa da masoro da kanumfari ke sa ƙamshinta ya riga ta isowa. Kanumfarin nan shi ne arzikin tsibiran tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, kuma bayi ne suka nome shi. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayin garin. Mutanen tsibiran suna ce wa kanumfari karafuu, tushen kalmar ɗaya da tamu, kamar yadda labari yake habari a bakinsu, asuba kuma asubuhi.

Ga mai niyyar zuwa, a zaɓi kifin da aka gasa a gabanka, a bar wanda ya daɗe a kan tebur. A rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari, kada a ci abinci a fili da rana in azumi ya kama. A 1 ga Oktoban 2024 aka wajabta wa baƙi sayen inshorar dala 44 kafin su shiga. Da za a ware wani abu daga kuɗin nan a riƙa bi ƙauyukan masunta na Pemba ana yi wa iyaye mata bayani da Swahili, da na biya da daɗin rai.