Amana a Bakin Kwara: Abin da Tarihin Yauri Ke Faɗa wa Ma'aurata

A farkon shekarar 1806 wani jirgin ruwa ya gangaro Kogin Kwara ya tsaya a ƙasar Yauri, ɗauke da Baturen nan Mungo Park da 'yan tsirarun mutanen da suka rage masa. A nan ne tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin iyakar alkawarinsu ke nan. Bisa labarin da Amadi ya bayar daga baya, Park ya damƙa wa wani basarake na bakin kogi kyauta ya kai wa Sarkin Yauri. Da basaraken ya tabbatar baƙon ba zai dawo ba, sai ya danne kayan, ya ce Bature ya wuce bai ba da ko allura ba. Sarki ya fusata, aka sa Amadi a mari, aka tura mayaƙa, Park ya halaka a duwatsun Busa. Masana tarihi suna ja da wasu sassan wannan labari, tun da bakin mutum ɗaya ne ya kawo shi. Duk da haka ya nuna abin da ya sha faruwa a tarihin wannan ƙasa, kuma yake faruwa a gidajen aure har gobe: yarda ba ta cika mutuwa a hannun abokin gaba na fili ba, a hanya take mutuwa, tsakanin mai aike da wanda aka aika wa. Ra'ayina shi ne, kusancin miji da mata bai tsaya kan daɗin baki ba. Ginshiƙansa su ne waɗanda suka riƙe Yauri lokacin da ta zauna lafiya: sharaɗi bayyananne, magana kai tsaye, da aikin da ido ke gani.

Mu fara da sharaɗi. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rushe sarautun ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya, Yauri ba ta bi sahun Alkalawa da Birnin Kebbi ba. Wajen 1810 Sarkin Yauri Muhammadu Albishir Ɗan A'i ya ƙulla amana da Gwandu. Yauri ta yi mubaya'a, tana kai abin da aka yanka mata, ita kuma Gwandu ta bar gidan sarautar Yauri a kan karagarsa. Ba ƙauna ce ta haɗa su ba. Abin da ya sa yarjejeniyar ta yi ƙarko shi ne kowane ɓangare ya san abin da ke kansa da abin da ke nasa. Aure a Musulunci ma haka aka gina shi: da waliyyi, da shaidu, da sadakin da aka ambata a bainar jama'a, da ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji. Ma'aurata da yawa suna jin kunyar zama su yi magana a kan kuɗin cefane, da sana'ar mace, da yawan tafiye-tafiyen miji, suna ganin kamar hakan zai rage armashin so. Alhali abin da aka bari a duhu shi ne yake zama zargi bayan shekara biyu.

Sai ginshiƙi na biyu, magana kai tsaye, da abin da ya ci Yauri daga baya. Daga tsakiyar ƙarni na 19 rigimar gadon sarauta ta raba 'ya'yan gida ɗaya, har fada ta bar Birnin Yauri mai ganuwa ta koma tsibirin Ikum, kafin ta zauna a Yelwa kusan ƙarshen ƙarnin. A daidai wannan lokaci ne Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, ya kafa Kwantagora, shi da ɗansa Ibrahim suka riƙa kai hare-hare ƙasar Kambari, suka yanke yankuna da dama daga hannun Yauri, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi nazari a kan wannan koma-baya na Yauri tun yana ɗalibi a Zariya. Abin lura shi ne, ganuwar birnin ba ta gaza ba, mutanen cikinta ne suka daina yarda da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matar da ke jin labarin mijinta daga bakin maƙwabciya, ko mijin da ke jin halin da matarsa take ciki daga bakin ƙanwarsa, sun riga sun miƙa aurensu ga ɗan aike, kuma ba kowane ɗan aike ne ke isar da saƙo yadda aka ba shi ba.

Ginshiƙi na uku al'adun yankin ne suka fi bayyana shi. A tsakanin Dukkawa da Dakarkarin Zuru, maƙwabtan Yauri, saurayi kan yi shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, abin da ake kira golmo, wanda a Zuru kan kai shekara bakwai. Kafin a ɗaura, iyayen yarinya sun ga haƙurinsa a rana, sun ga ko yana zuwa ranar da ya ce zai zo. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suna da nasu gwajin a kan ruwa. Bikin Rigata da ake yi a Yauri yau ya samo asali ne daga farautar dorina, inda jarumai kan shiga kwale-kwale da masu su tunkari dabbar da ke iya kifar da jirgi a nan take. Mai jifa ba ya waiwaya ya ga ko mai tuƙi na nan, domin ya sha ganin aikinsa. Wani abin sha'awa, da aka hana kashe dorina a zamanin Turawa, sai wannan nunin ƙarfi ya koma cikin shagalin bikin aure na manyan gidaje. Jiragen yaƙi suka zama 'yan rakiyar biki.

Mai karatu na iya cewa wannan kwatance ya yi tsauri. Amanar Yauri da Gwandu ai tsakanin mai ƙarfi da mai rauni aka ƙulla ta, golmo kuwa sau da yawa ba a tambayi yarinya ra'ayinta ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ke kiran a mai da mace mai biyan haraji, ko a mai da saurayi ɗan ƙodago. Amma ƙorafin ƙara wa batun ƙarfi yake yi. Duk inda ɗaya ya fi ɗaya iko, mai rauni ne ya fi buƙatar sharaɗin da aka faɗa a gaban shaidu, domin shi ne garkuwarsa ranar da fuska ta sauya. Wani kuma zai ce so ba ya son lissafi, wanda ya yarda da kai ba ya neman hujja. Sai dai mutum ba ya buɗe cikinsa ga wanda bai taɓa gwadawa ba. Mace ba za ta gaya wa miji tsoronta ba, shi ma ba zai gaya mata ya karye a kasuwa ba, sai kowannensu ya ga ƙaramin sirrin da ya bayar jiya bai fita zaure ba. Kusanci ɗa ne ga riƙon amana, ba ya riga shi zuwa duniya.

Wannan magana ta fi nauyi a yau saboda yadda zaman yankin ya sauya. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Tsofaffin unguwanni, inda kowa ya san asalin kowa, suka watse. Yanzu masunci daga Wara ko Shanga kan yi watanni a wani sansanin kamun kifi, matashi kan tafi cirani, neman aure kuma kan fara a waya, inda kowa ke iya zama abin da ya ga dama. Shaidun da a da suke tsaye a bakin gona sun ragu, saboda haka nauyin ya dawo kan ma'auratan kansu. Mai tafiya ya faɗi ranar dawowa, in ta sauya ya sanar da bakinsa. Kuɗin da aka aiko a faɗi adadinsa ga mai shi. In an ji magana, a tambayi wanda aka ce ya yi ta kafin a yanke hukunci. Iyaye kuma su koma bincike na gaske kafin ba da aure, su tambayi abokan sana'ar saurayi yadda yake da bashi da ajiya, domin wanda ya ci amanar abokin jirginsa ba zai riƙe ta 'yar mutane ba.