Lambar Kaka Ba Ƙarfen Banza Ba Ce

Ya ku matan gida da 'yan makaranta na Ɗambatta da Bici da Kunci da Makoɗa, in kun taɓa ganin wata 'yar tauraruwa ta tagulla mai tsini shida a ƙasan adakar tsohuwa, to, kada ku raina ta. Lambar yaƙi ce.

A Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, Turawan Ingila sun ɗebi samari daga ƙauyukanmu, suka ajiye fartanya suka ɗauki bindiga. Waɗansu suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, aka ba su Tauraruwar Afirka. Waɗansu kuwa aka haye teku da su zuwa Bama, wadda ake kira Miyanma tun 1989, cikin Runduna ta 81 da ta 82. Suka gwabza da Japan a kurmin Kaladan da Arakan, har suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Su ne aka ba Tauraruwar Bama.

Ga yadda za ku bambanta su. Ku dubi ƙyallen da aka rataye lambar da shi. Na Afirka launin rairayi ne, da jan layi a tsakiya. Na Bama ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi, da ratsin ruwan goro.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ku juya bayanta, yawanci ba za ku ga suna ba, don ba a rubuta ba. Mazan nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, matansu ma sai ɗai-ɗai. Ran da tsohuwar da ta san mai lambar ta kau, shi ke nan, lamba ta zama marainiya. Daga nan sai yara su yi wasa da ita, ko ɗan gwangwan ya saye ta a kuɗin alewa.

Saboda haka, 'yammata, ku da Allah ya ba karatu, wannan aikinku ne. Ku sami Kaka da dare bayan tuwo, ku tambaye ta sunan mai lambar, da garinsu, da inda aka kai shi, da shekarar da ya komo. Ku rubuta a takarda. In akwai littafinsa na sallama daga soja, ku haɗa, gama a ciki lambarsa ta soja take.

Ku kuma uwayen gida, kada ku dirje ta da toka ko rairayi kamar tukunya. Tsumma mai laushi ya isa. Kada ku wanke ƙyallen. Ku naɗe duka, ku ajiye inda gara da danshin damina ba za su kai ba.

Ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ku fito da ita ku nuna wa yara, ku faɗa musu sunan mai ita. Allah ya ji ƙansu, amin.