Dalilin da Ya Sa Ba A Gaggauta Yaye Ɗan Alade

Ya ku manoma da dagatai, musamman na ƙasar Kafanchan inda a ke kiwon aladu, ku sani a bayan tumbin dabba akwai wata tsoka mai laushi, manne da farkon hanji, wadda Turawa ke ce wa fankiriyas. Ita ke zuba wa hanji ruwa mai ɗauke da furotin iri iri, watau abubuwan narkar da abinci: ɗaya na maiƙo, ɗaya na nama da wake, ɗaya na tsaba.

To, waɗannan ba su cika tun ran haihuwa. Jinjirin alade nono kaɗai cikinsa ya ke iyawa, gama mai narkar da tsaba kaɗan ne ƙwarai. Sannu a hankali ya ke ƙaruwa, sai wajen mako 6 zuwa 8 ya yi ƙarfi. In kun raba shi da uwa a mako 3, aikin tsokar ya kan ja baya 'yan kwanaki, dusa ta wuce ba ta narke ba, zawo ya kama shi, ya rame, wani ma ya mutu.

Saboda haka tun yana mako 2 ku riƙa sa masa ɗan gari mai laushi, yana ci yana tsotso. A kiwo irin na gida kada ku yaye shi sai ya cika mako 8. Ku sanad da mutanenku.