Noman Albasa A Bakin Kwara

Kowa ya san albasa. Mai miya tana nemanta, mai tsire yana nemanta, mai ƙosai ma haka. Saboda haka mai albasa ba ya rasa mai saye. Abin da yakan rasa shi ne riba. Mutum biyu sukan yi lambu kusa da juna, ruwansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, amma bayan an cire, ɗaya ya sayi sa, ɗaya kuwa ko kuɗin mai bai mayar ba. To, a wannan darasi za mu duba inda bambancin yake.

Nan ƙasarmu ta Bagudo Allah ya yi mana gata. Ga kogin Kwara ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo, ga fadama, ga kasuwa ta kowane gefe. In ka ƙetare iyaka ka wuce Madekali, sai Malanbil ta ƙasar Benin, babbar kasuwar albasa, Gaya ta ƙasar Nijar tana kallonta daga ƙetaren kogi. In ka juyo gida kuma, ga Aliero, wadda sunanta ya kai ko'ina saboda albasa. Daga waɗannan wurare ne manyan motoci suke ɗauka zuwa Kwatano da Ikko.

Abu na fari shi ne lokaci. Albasa tana son sanyi tana ƙarama, tana son zafi in za ta yi kai. Ku yanka albasa ɗaya a tsakiya ku duba. Za ku ga zobe cikin zobe. Kowane zobe gindin ganye ɗaya ne. Watau in ta yi ganye da yawa cikin hunturu, za ta yi babban kai in zafi ya zo. In kuwa zafi ya iske ta da ganye huɗu ko biyar, sai ta yi ɗan kai kamar goro, ta tsaya nan. Don haka ake zuba iri da ɗaukewar ruwan sama, wajen watan Oktoba, a yi dashe a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, a cire wajen Maris ko Afrilu. Wanda ya tsaya sai ya gama sussukar shinkafa da bukukuwan kaka kafin ya nemi iri, ya makara.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu mutanen bakin kogi. Kwara sau biyu take cika a shekara. Cikar fari ta ruwan damina ce, wajen Agusta da Satumba, irin wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi a 2020. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne can ƙasar Gini. Yakan daɗe yana yawo cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, ba ya iso mu sai tsakiyar sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sama wasai, babu ko gajimare, amma kogi yana hawa. Masunta sun san wannan sarai. Wanda zai yi lambu, ya tambaye su inda ruwan bara ya tsaya, ya kafa komayensa sama da nan.

Sai iri. Irin da ya fi suna a wannan yanki shi ne ɗan Galmi, wani gari na ƙasar Nijar tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Ja ne mai yaji, yana kuma jure ajiya. Amma ba duk abin da aka ce ɗan Galmi ne yake ɗan Galmi ba. Ƙwayar irin albasa kuma ba ta da dogon rai. In ta wuce shekara guda a ɗaki mai zafi, yawancinta ta mutu, ko da ido yana ganinta baƙa ƙirin kamar sabuwa. Ga yadda za a gwada. A ƙirga ƙwaya 20, a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Bayan kwana 10 a buɗe a ƙirga. In 15 ko fiye sun tsira, iri ya yi. In ba su kai 10 ba, kada a saya, kome arharsa. Araha ba ta ado.

Wurin reno a yi shi da ƙasa mai laushi, a cuɗa ta da taki wanda ya ruɓe sosai. A ja layi da yatsa, a zuba iri kaɗan-kaɗan, a rufe da 'yar ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai don kada ruwa ya kwashe shi. Da ya tsiro, wajen mako guda, sai a ɗauke ciyawar. Bayan mako 6 ko 7, sa'ad da kaurinsa ya kusa kai na fensirin da kuke rubutu da shi, ya isa dashe. A yi dashen da la'asar, a ba shi ruwa nan take. Kada a binne shi da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya ta isa.

Yanzu mun zo ga ainihin maganar. Waɗansu suna tsammani yawan fili shi ne yawan amfani. Ga gero watakila haka ne. Ga albasa ba haka ba ne. Ƙaramin wuri da aka cika shi, aka ƙosar da shi, ya fi babba da aka warwatsa. Mu yi lissafi. A bar taƙi ɗaya tsakanin layi da layi, watau santimita 20. A bar faɗin tafin hannu tsakanin gindi da gindi, watau santimita 10. Komi mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 zai ɗauki gindi 100. Komi 100 ke nan gindi 10,000. Wannan fili ne da mutum da ɗansa za su iya zagayawa kowace safiya, su san halin kowane komi. In aka matse fiye da haka, kawuna su fito ƙanana. In aka buɗe da yawa, su yi manya ainun, waɗansu su rabu biyu, ciyawa kuma ta sami wuri. Mata masu sayen kashi a kasuwa matsakaiciya suka fi so, ita ce kuma ta fi daɗewa a ajiye.

Saiwar albasa gajeriya ce, ba ta wuce kamu guda a ƙasa. Ba ta iya bin ruwa can ƙasa. Saboda haka ruwa kaɗan a kai a kai take so. A ƙasar laka cikin sanyi, bayan kwana 3 ko 4 ya isa. A ƙasa mai yashi, ko in zafi ya shigo, sai a matso. Ku tura yatsa cikin komi. In ya fito da danshi, a dakata. Ruwan da ya kwana a komi ruɓa yake kawowa.

Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa, ƙarfinsu ne kuɗinsu. Mu kuwa inji muke tayarwa, inji kuma mai yake sha. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, mai ya zama babban abin da yake cin ribar lambu. Akwai injin da yake aiki da hasken rana. Sayensa da tsada, amma ba ya shan kome, mutum huɗu ko biyar masu maƙwabtaka suna iya haɗa kuɗi su saya. Wanda bai kai nan ba, ya daidaita komayensa su kwanta sosai, ya liƙe tiyo inda yake yoyo. Komi mai tudu da kwari ruwa biyu yake ci.

Taki kuwa, na shanu da na awaki wanda ya ruɓe shi ne tushe, a zuba tun kafin dashe. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ciyawa. Takin zamani ƙari ne a kansa. A sa kamfa bayan dashe da mako 2, a bi da yuriya bayan kamar mako 3 kuma. Da ta fara kai, a tsaya. A nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Sukan ƙara yuriya daga baya, lambu ya yi kore shar, masu wucewa suna yabo. Amma wuyan albasar yakan yi kauri, ya ƙi bushewa, ruwa ya cika ta. Irin wannan ba ta wata biyu a ɗaki sai wari.

Ganyen albasa siriri ne, ba ya inuwar da za ta kashe ciyawa. Sai a cire da hannu tun tana ƙarama.

In kuka ga ganye ya yi fari-fari kamar an kankare shi, ku buɗe tsakanin ganyaye ku duba da kyau. Akwai waɗansu 'yan ƙwari, ba su kai kwarkwata ba, suna tsotse shi. Sun fi yawa in zafi ya fara, wannan ma wani dalili ne na yin dashe da wuri. In kuwa tabo ne mai duhu ja-ja yana faɗi har ganye ya karye, wannan cuta ce mai son raɓa da danshi, tana kuma kwana cikin tarkacen bara. Kada a maimaita albasa ko tafarnuwa a wuri ɗaya shekara da shekaru, a juya da shinkafa ko masara. Kafin a sayi magani a kai ganyen ga malamin gona ya gani. A jikin kowace kwalba an rubuta awon da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin a ci. Wanda bai iya harshen da aka rubuta ba, ya nemi mai karanta masa, lambobin dai kun riga kun iya su. Kwalbar da ta ƙare a fasa ta a binne, kada yara su ɗebi ruwa da ita.

Albasa da kanta take faɗin ta nuna. Wuyanta yakan yi laushi, ganye ya kwanta. In rabin lambu ya kwanta, a yanke ruwa, a jira kwana 10 zuwa 14, sa'an nan a cire. A jera ta ganyen wannan ya rufe kan waccan don kada rana ta dafa ta, ko a kai ta inuwa mai iska, har wuya ya bushe, ɓawo yana ƙara in an taɓa. Sa'an nan a yanke ganye a bar yatsa biyu. Kada a jefa ta kamar dutse, duk wadda ta ƙuje ita za ta fara ruɓa. Lawashi ma ba abin zubarwa ba ne. Wanda aka yanka da sauran korensa, mata sukan daka shi su dunƙula su shanya ya zama gabu, gabu kuwa kuɗi ne.

Lokacin cira kowa yana da albasa, kuɗinta ya faɗi ƙasa. In damina ta yi nisa sai ta yi wuya, kuɗi ya hau. To, a sayar ko a ajiye? A ce kana da buhu 10. Ka ajiye, 3 suka lalace, 7 suka rage, kuɗi kuma ya ninka biyu. Ka sami kuɗin buhu 14 na lokacin cira. Amma in 5 suka ruɓe, kuɗin buhu 10 ka samu, wahalar wata biyar ta tafi a banza. Ashe ribar ajiya tana ga rudu. A ɗaga shi daga ƙasa, a yi masa rufin da ba ya yoyo, iska tana shiga ta ƙasa da gefe. Kada a tara albasa ta wuce kamu guda, kada a sa ta cikin buhun leda. Kowane mako a duba, a fid da mai laushi. Mu dai a ganinmu, mai bashi a kansa ya sayar da rabi ya biya, ya ajiye rabi.

Mai kai kaya ƙetare ya tuna iyaka ba kullum take buɗe ba. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 kuma aka rufe gadar Malanbil da Gaya. Albasa ba ta jiran a sasanta. Kafin a yi lodi a san labarin hanya, a kuma san canjin sefa da naira na ranar, a rubuta shi, don kada dillali ya yi maka lissafi da baki.

Daga cikin wadda aka ajiye, a ware matsakaita masu siririn wuya, waɗanda suka kai kaka ba su tsira ba, ba su ruɓe ba. Su za a dasa a gefen lambu da farkon sanyi, su yi fure. In kan furen ya fara buɗewa, baƙar ƙwaya ta bayyana, a yanke a shanya a inuwa, a murje, a sheƙe. A zuba irin cikin kwalba busasshiya mai murfi, a rubuta wata da shekara a jikinta.