Turmi, Ƙiba da Sankarar Mama: Abin da Binciken Farfesa Olopade Ya Gano

Shekaru talatin baya, da wuya baƙo ya kwana a Ƙetare ko wani gari na ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa bai farka da ƙarar taɓarya ba. Mace za ta surfa gero, ta wanke, ta dake shi lilis don fura, ta ja guga a rijiya, ta faskare itace, duk kafin rana ta take. Yanzu injin niƙa ya karɓi rabin wannan aiki, 'yan ga-ruwa sun karɓi wani, babur kuma ya ɗauke tafiyar ƙasa zuwa gidan biki da gidan suna. Babu mai kukan wannan sauƙi, kuma bai kamata a yi ba. Amma wata likita 'yar Najeriya da ta shafe sama da shekara talatin tana bin diddigin sankarar mama ta gano cewa wancan gumi na tsakar gida yana da alaƙa da cutar.

Sunanta Farfesa Olufunmilayo Olopade. An haife ta a 1957, ɗiyar wani limamin coci ce a ƙasar Yarbawa, ta gama karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1980, sannan ta tafi Amurka a 1983 ta yi aiki a asibitin Cook County na birnin Chicago, asibitin da talakawa suka fi zuwa. A can ta lura da abin da ya hana ta sukuni. Littattafan likita sun ce sankarar mama cutar mata masu shekaru ce, waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu. Ita kuwa tana ganin baƙaƙen mata masu ƙuruciya suna zuwa da ita, mai zafin yaɗuwa, irin yadda ta saba gani a Ibadan. A 1992 ta buɗe asibitin tantance haɗarin gadon ciwon daji a Jami'ar Chicago, a 1998 kuma ta haɗa hannu da likitocin Ibadan, cikinsu har da Clement Adebamowo da Temidayo Ogundiran, suka fara wani dogon bincike kan matan Najeriya.

Tsarin aikin ba shi da wuyar fahimta. Duk matar da aka tabbatar tana da cutar, za a auna tsawonta, nauyinta, ƙugunta da kwankwasonta, a tambaye ta haihuwa nawa ta yi, wata nawa take shayarwa, wane aiki take yi daga safe zuwa dare. Sai a nemo mata masu lafiya daga unguwanni a yi musu tambayoyin nan, a gwada amsoshin biyu a ga inda suka bambanta.

Abin da igiyar awo ta nuna ya fi abin da sikeli ya nuna. A rahoton da suka fitar a 2003, matan da al'ada ta ɗauke musu kuma kitsensu ya taru a ciki, wato masu tumbi, haɗarinsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa inda kitsen ya zauna a jiki, musamman zagayen ciki, shi ne abin lura, ba nauyin jiki kaɗai ba.

Dalilin yana cikin jini. Akwai sinadarin mata da likitoci ke kira istirojin, wanda mahaifar ƙwai ke fitarwa lokacin ƙuruciya. Da yawa daga cikin nau'o'in sankarar mama da shi suke girma, kamar yadda ciyawa ke samun taki. Idan al'ada ta ɗauke, mahaifar ƙwai ta huta, sai kitse ya zama babban wurin da jiki ke sarrafa sinadarin. Mace mai kitse da yawa ke nan jininta na ɗauke da shi fiye da na siririya. Ƙiba kuma tana ɗaga sinadarin insulin, wanda masu ciwon suga suka san sunansa, shi ma yana zuga ƙwayoyin jiki su yi ta rarrabuwa. Motsa jiki yana rage duka biyun. Wata likita a Amurka, Anne McTiernan, ta gwada haka a zahiri: ta sa mata masu jiki motsa jiki na minti 45 kwana biyar a mako har shekara guda, aka ga istirojin ɗinsu ya sauka, musamman waɗanda kitsensu ya ragu.

To amma matan Amurka a kan na'ura suke gudu. Matar Sabuwa fa? Amsar ta fito a 2014, lokacin da tawagar Olopade ta wallafa binciken da ta yi a Najeriya, Kamaru da Yuganda kan masu cutar 558 da masu lafiya 1,014. Mafi yawan motsin da aka ƙirga wa matan nan aikin gida ne da tafiyar ƙasa da sana'a, wasanni kaɗan ne a ciki. Waɗanda suka fi kowa motsi, haɗarinsu ya yi ƙasa da na masu yawan zama da kusan kashi 60 cikin ɗari. Kariyar ta fi ƙarfi ga sirara, ta ragu ga masu ɗan jiki, ga masu ƙiba sosai kuwa ba ta fito fili ba. Ya kamata a karɓi adadin da hankali, domin mai jinya tana iya manta yawan aikin da take yi kafin ciwo ya kwantar da ita. Bincike-binciken ƙasashen waje sun samu ragin da bai kai haka ba, amma duk hanya ɗaya suka nuna.

Wannan magana ba ta matar ƙauye ba ce da ke yini a sussukar masara. Cewa ta motsa jiki raini ne. Maganar ta shafi wadda rayuwarta ta sauya: matar da mijinta ya samu wadata aka kawo mata 'yan aiki, malamar makaranta da ke yini a kujera, wadda matsalar 'yan bindiga ta raba da gona ta dawo cikin gari tana zaune a ɗaki ɗaya. Ta kuma shafi 'yan matan da ke sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe a kyamis gabanin aure, saboda a ƙasar Hausa har yau idan amarya ta murje sai a ce miji ya iya kiwo, idan ta rame a ce wahala take sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsi a mako shi ne mafi ƙaranci ga babba, wato rabin awa kwana biyar. Matar kulle ba sai ta fita ba. Shara da sauri, wanki da hannu, daka, zagaya tsakar gida bayan sallar asuba har numfashi ya ɗan hau, duk suna cikin lissafi.

Akwai kuma abin da al'adarmu ta riga ta samu daidai. Wani babban nazari da aka buga a 2002, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 30, ya nuna cewa kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin da kashi 4 da 'yan kai cikin ɗari. Uwar da ke kai ɗanta wata goma sha takwas ko shekara biyu kafin yaye tana amfanar kanta ma.

Duk da haka, Olopade ba ta taɓa cewa ƙiba ce kaɗai ba, kuma bincikenta na gado ya hana a ɗora wa mara lafiya laifi. A 2009 tawagarta ta wallafa nazari kan masu cutar 507 daga Najeriya da Sanagal, ta tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙululun da aka gwada ne kawai ke girma da istirojin, alhali a tsakanin Turawa su ne mafiya yawa. Sauran da dama irin masu taurin kai ne da ƙwayar maganin cutar da ake kira tamoksifen ba ta yi musu komai. A 2018 suka gwada jinin masu cutar 1,136 a Ibadan, aka samu kusan ɗaya cikin bakwai tana ɗauke da tawayar halitta da ta gada, galibi a ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2. Shi ya sa siririya mai shekara talatin da biyar, mai daka kullum, ita ma tana iya kamuwa. Idan uwa, 'yar'uwa ko goggo ta taɓa yi, a faɗa wa likita, kada a ɓoye don tsoron kar a ƙi auren 'yan gidan. Ta wajen uba ma ana gadonta, kuma maza ƙalilan suna kamuwa.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya ce a 2022 mata sama da dubu 32 suka kamu a Najeriya, sama da dubu 16 suka rasu. Abin da ya fi jawo wannan yawan mutuwa shi ne zuwa asibiti a makare. Ƙululun farko yawanci ba ya ciwo, sai a yi shiru saboda kunya. Idan ya girma a ce daji ne ba ya son ƙarfe, ko a ce jifa ne, a tafi shafe-shafe da turare har ya fashe ya zama gyambo. Allurar da likita ke ɗebo ɗan tsoka da ita don gwaji ba ta yaɗa cutar. Watannin da aka ɓata ne ke yaɗa ta.

Mutanen Faskari da Sabuwa, idan sun bi ta Funtuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarsu kafin shiga Zariya. A watan Yulin 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kuɗin mota da na gwaji ba ƙanana ba ne, amma sun fi sauƙi nesa a kan kuɗin jinyar ciwon da ya riga ya yaɗu. Duk wadda ta ji ƙululu a mama ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar wurin ta canza, ta je babban asibitin Ƙanƙara ko mafi kusa da ita cikin makon nan, ta nemi takardar turawa. Maigida, kai ma kada ka jira sai an sayar da amfanin gona.