Addu'a Ba Ta Ranar Fari Kaɗai Ba Ce

'Yan'uwa manoma, akwai wani hali namu da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. In an yi shuka, ruwa ya ɗauke kwana goma ko sha biyar, gero ya fara nannaɗe ganye, sai majami'a ta cika da asuba, har da waɗanda ba a gan su ba tun Kirsimati. Ran da ruwa ya sauko kuwa, washegari mai bishara ne da tsofaffin mata uku za su rage. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wannan sarai.

Roƙon ruwa ba laifi ba ne. Annabi Iliya ya yi shi a kan Dutsen Karmel, ya yi ta aiken baransa ya duba wajen teku har sau bakwai kafin a hango ɗan girgije (1 Sarakuna 18). Amma a addu'ar da Ubangiji Yesu ya koya mana, abincin yini ɗaya ya ce mu roƙa, ba na shekara ba (Matiyu 6:11). Haka ya kasance da manna a jeji. Kowa ya tara na ranar, wanda ya ɓoye don gobe kuwa ya tarar ya yi tsutsa, sai fa a jajiberen Asabar (Fitowa 16). Wannan yana da wuya ga manomi, gama mu da shekara muke lissafi. In rumbu ya cika, sai zuciya ta ce an gama. Alhali gara, ko ƙwari, ko gobarar rani, kowanne ya isa ya cinye wahalar damina ɗaya.

Wani zai ce, ina lokaci a tsakiyar noman fari? Yesu da sassafe ya fita, tun da sauran duhu (Markus 1:35). Daniyel da aikin mulki a kansa, sau uku yake durƙusawa a yini. Minti biyar sun isa kafin a ɗauki fartanya. Sai dai maigida ya lura, kada ya kira addu'ar iyali sa'ad da uwargida take rijiya ko bakin turmi, sa'an nan ya ce ba ta da himma. A shirya da ita. Wanda bai iya karatu ba kada ya ji kunya, ya yi da harshen da aka haife shi a ciki, Tangale ne, ko Bura, ko Ngas.

Addu'a kuma ba ta yin maimai. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa matsara dare da rana (Nehemiya 4:9). Wanda ya roƙi albarka a gonar dawarsa, sai ya tuge ƙuduji tun bai yi fure ba, gama in ya zubar da iri, shekara da shekaru zai yi ta fitowa.

Inda abin ya fi damuna shi ne taron ƙungiya. Mukan buɗe da addu'a a gaggauce, kamar ana share ƙofar gida, sa'an nan a shiga maganar rabon takin zamani da bashi, murya ta hau. Mutum ya karɓi rance, kaka ta wuce bai biya ba, ga shi yana cewa Amin kusa da ma'aji da yake gudun haɗuwa da shi a kasuwa. Yesu ya ce mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Ƙungiya ba kasafai fari yake kashe ta ba. Bashin da aka yi shiru a kai, shi ne yakan watsa ta.

Shawarata ga shugabanni ita ce, a taro mai zuwa magatakarda ya fara tambayar wanda ba shi da lafiya, da gwauruwar da gonarta ba ta sami hannu ba, da wanda biyan bashi ya gagare shi. A ambace su gaban Allah da suna, in sun yarda. Kafin a tashi kuma, a tsai da ranar gayya.