Lissafin ƙarfin madubin dashe bayan gyaran gani da lesa

Lissafin ƙarfin madubin dashe mataki ne da likitan ido ke bi kafin aikin yanar ido, domin zaɓar madubin roba da zai maye gurbin madubin ido na halitta wanda yana ta rufe. Ana auna ƙarfin madubin da ma'aunin diyofta. Lissafin yakan yi wuya ga mutumin da aka taɓa gyara wa gani da hasken lesa, kamar aikin LASIK ko PRK, domin lesa tana sake fasalin koniya, wato tantanin nan garai-garai da ke gaban ƙwayar ido.

Asali

Likitan ido Harold Ridley ne ya fara dasa madubin roba a shekarar 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan. Daga baya aka fito da ƙa'idojin lissafi, irin su SRK/T ta 1990, waɗanda suka dogara da tsawon ƙwayar ido da lanƙwasar koniya. Koniya ce ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin tattara haske a ido, kimanin diyofta 43. An gina waɗannan ƙa'idoji ne a kan idon da ba a taɓa yi wa aiki ba.

Inda kuskure ke shigowa

Kuskuren yana zuwa ta hanyoyi uku. Na farko, na'urar awo ta gargajiya tana auna wani zagaye a kewayen tsakiyar koniya, alhali a tsakiyar ne lesa ta fi rage lanƙwasa. Na biyu, na'urar tana auna fuskar gaba kawai, sannan ta ƙiyasta ta baya da lamba 1.3375, lesa kuwa fuskar gaba ta sassaƙe, don haka ƙiyasin ba ya daidaita. Na uku, ƙa'idojin suna amfani da lanƙwasar koniya wajen hasashen inda madubin zai zauna a cikin ido, kuma koniyar da aka baje takan ɓatar da wannan hasashe.

Ga wanda aka gyara wa rashin gani daga nesa, sakamakon yakan zama madubi mai ƙarancin ƙarfi. Bayan aiki sai ya rasa gani sosai ba tare da tabarau ba, wani lokaci har sai an sake aiki a canza madubin.

Hanyoyin gyara

Tsohuwar hanya ita ce amfani da awon da aka yi kafin aikin lesa, amma marasa lafiya da yawa ba su adana takardunsu. A 2003 Jaime Aramberri ya kawo dabarar amfani da awon koniya biyu, na kafin lesa da na bayanta. Ƙa'idar Haigis-L da ta Barrett True-K suna iya aiki ko da babu tsohon awo. Ƙungiyar ASCRS ta likitocin ido a Amurka tana da manhaja a intanet da ke jera sakamakon ƙa'idoji da dama don a kwatanta. Sababbin na'urori kamar Pentacam da IOLMaster 700 suna auna fuskokin koniya biyu. A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta amince da madubin da ake daidaita ƙarfinsa da haske bayan an dasa shi.

Duk da haka, hasashen bai kai na idon da ba a taɓa ba daidaito. Shi ya sa likitoci ke buƙatar mara lafiya ya sanar da su aikin lesa da aka taɓa yi masa, ko da shekaru sun shuɗe.